Kalkulas na zango na biyu: yadda ake karatunsa har a ci

Duk shekara idan sakamakon zango na biyu ya fito, akwai kwas ɗaya da ke tara ɗalibai a gaban allon sanarwa ana ta salati. Kalkulas ne, wato lissafin saurin canji da na tarawa. A yawancin jami'o'in ƙasar nan lambarsa MTH 102, kuma ɗan aji ɗaya da ke karanta kimiyya ko injiniyanci ko kwamfuta ba shi da hanyar kauce masa. Ni ma na bi ta kansa, kuma a karon farko da maki 34 na fito. Laifina ne. Ina zuwa lacca, ina kwafe duk abin da aka rubuta a allo da kyakkyawan rubutu, da dare in karanta ina gyaɗa kai kamar mai karatun tarihi. Ranar jarrabawa na gane kowace tambaya, irin ganewar da kake wa fuskar mutumin da sunansa ya kwanta maka, amma ko ɗaya ban kai ƙarshenta ba. Da shekara ta zagayo na zauna da ƙannena na maimaita, na samu 71. Tun daga lokacin nake koyar da shi a darasin yamma a nan Jos, kuma abin da ya canza mini tsakanin shekarun nan biyu shi nake so in shimfiɗa maka: na daina karanta lissafi, na koma yin sa da biro.

Makon farko: duba harsashinka

Kafin malami ya yi nisa, ɗauki farar takarda ka rufe littafi. Buɗe (x + h)³. Raba x² − 5x + 6 zuwa baka biyu. Haɗa 1/(x − 2) da 1/(x + 1) su zama abu guda. Rubuta sin 30°, cos 60° da tan 45° daga kai. Faɗi abin da sin²x + cos²x yake bayarwa, da yadda ake warware sin 2x. Mayar da √x da 1/x³ zuwa x mai fawa a kai, wato ƙaramar lambar da ake ɗora wa x a sama. Idan ka yi tuntuɓe a biyu ko uku, to ka gano ciwonka da wuri, ka gode wa Allah.

Cikin takardun da nake dubawa, da wuya in ga wanda kalkulas ɗin kansa ya kayar. Abin da ke kayar da mutane shi ne aljabarar sakandare: alamar ragi da ta ɓace wajen buɗe baka, ko wanda ya rubuta (a + b)² daidai yake da a² + b², ko wanda ya soke x na sama da na ƙasa alhali akwai tarawa a tsakani. Ware makonni biyu na farko, minti arba'in kullum, ka toshe waɗannan ramukan da littafinka na aji shida. Ba abin kunya ba ne. Kunyar tana ranar da za a liƙa sakamako.

Wani ƙaramin abu kuma: ɗauko kalkuletarka yanzu ka danna sin 0.1. Idan ta ba ka 0.0998, tana kan radiyan, nan ne mazauninta a wannan kwas. Idan ta ba ka 0.0017, tana kan digiri, canza ta. Duk dokokin sin da cos da za a koya maka a radiyan kaɗai suke aiki.

Iyaka: kada ka daɗe a nan, amma kada ka tsallake

Kwas ɗin yakan fara da fankshan, wato ƙa'idar da za ka ba ta x ta ba ka amsa, da kuma iyaka. Ma'anar iyaka ita ce inda abu ya dosa, ko da bai isa ba. Ɗauki (x² − 9)/(x − 3). Idan ka sa x ya zama 3 kai tsaye, za ka samu sifili bisa sifili, wanda ba ya nufin komai. To matsa kusa. A 2.9 amsar 5.9 ce, a 2.99 ta zama 5.99, a 3.01 kuma 6.01. Ko makaho ya san 6 aka dosa. Aljabara ta tabbatar: na sama shi ne (x − 3)(x + 3), ka soke (x − 3), saura x + 3. Yi irin wannan tebur da hannunka sau uku ko huɗu, daga nan ka koma ga gajeriyar hanya.

Saurin canji

Difarenshiyeshan, wannan dogon suna, tambaya ɗaya yake amsawa: a daidai wannan lokacin, da wane sauri abu yake canzawa? Ka hau keke daga Taminus zuwa Farin Gada. Idan ka raba nisan da lokacin da kuka ɗauka, ka samu matsakaicin gudu. Amma allurar gudu ba ta tsaya wuri ɗaya ba, a cunkoso ta faɗi ƙasa, da hanya ta buɗe ta haura. Abin da allurar ke nunawa a kowane ƙiftawar ido, shi ne dy/dx.

Ka fitar da shi daga tushe aƙalla sau ɗaya, don malamai na son tambayarsa, kuma shi ke sa sauran dokoki su daina zama kamar tsafi. Ga x²: ka ɗauki (x + h)², inda h ɗan ƙari ne a kan x, ka cire x², ka raba da h. Abin da ya rage shi ne 2x + h. Bar h ya dosa sifili, saura 2x. Shi ke nan.

Daga nan dokoki ne guda huɗu: ta fawa, ta ninki, ta rabawa da ta sarƙa. Ukun farko kwana biyu sun ishe su. Ta sarƙa ce nake so ka ba ta mako guda cur, domin ita ce mabuɗin rabin kwas ɗin da ke gaba. Ka ɗauki fankshan kamar albasa, ɓawo cikin ɓawo. A sin(3x²), ɓawon waje sin ne, na ciki 3x². Ka ɓare na waje ka bar na ciki yadda yake, ya zama cos(3x²), sannan ka ninka da saurin canjin na ciki, wato 6x. Amsa: 6x cos(3x²). Yi talatin irin wannan, har sai idonka ya riƙa hango na ciki tun kafin ka ɗora biro.

Tambayar mafi yawa da mafi ƙanƙanta kusan ba ta fashi a jarrabawa. Ga manomin kabeji da lambunsa ke bakin rafi, yana da wayar shinge mita 100, gefen rafin ba ya buƙatar shinge. Idan faɗin lambun x ne, tsawonsa 100 − 2x, girman filin kuma x(100 − 2x). Saurin canjinsa 100 − 4x, ka daidaita shi da sifili, tunda a inda girman ya kai ƙololuwa ya daina hawa bai fara sauka ba, x ya zama 25. Lambu mai mita 25 da mita 50, murabba'in mita 1,250. Lura da cewa kalkulas ɗin layi ɗaya ne kacal. Wahalar tana wajen mayar da labarin zuwa lissafi, shi ya sa nake tilasta wa ɗalibaina su zana hoton lambun kafin su rubuta ko harafi ɗaya.

Tarawa, inda ake yin ta

Yanzu mun iso inda jama'a ke zubewa. Intagireshan, wanda zan riƙa kira tarawa, komawa baya ne: an ba ka saurin canji, an ce nemo abin da ya haife shi. Bambancinsa da na baya babba ne. A can, in ka san dokoki huɗun nan, babu tambayar da za ta gagare ka, sai dai ta yi tsawo. A nan babu tabbatacciyar hanya guda. Sai ka dubi tambayar ka gane danginta, kamar yadda makaniken Dilimi ke jin ƙarar inji ya ce maka ga inda matsalar take. Wannan ganewar ba ta zuwa sai da yawan taɓawa.

Fara da ganin amfaninsa. Famfo ya kawo ruwa da ƙarfi, lita 20 a minti ɗaya, amma ƙarfin yana raguwa da lita 2 duk minti, har ya ɗauke bayan minti goma. Lita nawa ka tara? Ba za ka ce 20 sau 10 ba, tunda gudun bai tsaya wuri ɗaya ba. Saurin shi ne 20 − 2t, inda t yake nufin mintunan da suka wuce. Tara shi, ya zama 20t − t². Sa 10, ka cire abin da 0 ya bayar: 200 − 100, wato lita 100, jarka huɗu masu cin lita 25. Alamar nan ∫ da ke tsorata mutane doguwar S ce kawai, harafin farko na kalmar jimla a Latin. Leibniz, Bajamushe, shi ya fara amfani da ita a 1675, a zamanin da shi da Newton na Ingila kowa ya gano kalkulas ta hanyarsa. Abin da take cewa shi ne: yanka ƙanana, ka tara.

Mataki na farko, haddace ƙaramin tebur: tarawar xⁿ, 1/x, eˣ, sin x, cos x, sec²x da 1/(1 + x²). Rubuta su a kati ka sa a aljihu, ka riƙa dubawa a layin cin abinci. Mu da muka tashi da allo da tawada ba a koya mana hadda.

Mataki na biyu, duk tambayar da ta zo, yi mata tambayoyi bi da bi, kada ka tsallake.

Shin aljabara kaɗai za ta sauƙaƙa ta? (x³ + 2x)/x ba ta buƙatar wata dabara, raba kawai ta zama x² + 2. Na sha ganin ɗalibi ya cika shafi guda a kan irin wannan.

In ba haka ba, akwai wani abu a ciki wanda saurin canjinsa ke zaune a gefe? Wannan ita ce musanya, kuma dokar sarƙa ce aka juya ta baya. A ∫ 2x cos(x²) dx, na ciki x² ne, ga kuma 2x yana zaune kusa da shi. Sa u ya zama x², du ya zama 2x dx, tambayar ta koma ∫ cos u du, wato sin u. Mayar da x: sin(x²) + C, inda C ke tsayawa a madadin kowace lamba. Wanda ya ba dokar sarƙa makonta zai ga wannan da kallo ɗaya. Wanda bai ba ta ba, a nan take karɓar bashinta.

In babu, abubuwa biyu ne marasa dangantaka aka ninka, kamar x da eˣ, ko x da sin x? Sai a bi ta hanyar rabawa gida biyu: ∫ u dv = uv − ∫ v du. Duk dabarar tana wajen zaɓen u. Zaɓi wanda yake sauƙaƙa idan aka nemi saurin canjinsa. A ∫ x eˣ dx, x yana komawa 1, don haka shi ne u. Amsa: x eˣ − eˣ + C. Idan ka zaɓa ka ga sabuwar tambayar ta fi ta farko muni, kada ka nace, koma ka juya zaɓin. Idan akwai ln x a ciki kuwa, kusan kullum shi ne u.

In kuwa kaso ne, sama da ƙasa duk x da fawowinsa, kuma na ƙasan yana rabuwa, sai a tsinka shi ƙanana. Ɗauki (x + 7)/((x − 2)(x + 1)). Rubuta shi a matsayin A/(x − 2) + B/(x + 1), wato x + 7 = A(x + 1) + B(x − 2). Sa x ya zama 2: 9 = 3A, A ya zama 3. Sa x ya zama −1: 6 = −3B, B ya zama −2. Tarawar ta zama 3 ln|x − 2| − 2 ln|x + 1| + C. Sharaɗi ɗaya da ake mantawa: idan fawar sama ta kai ta ƙasa ko ta fi ta, sai ka fara yin doguwar rabawa tukuna.

Mataki na uku shi ne wanda ya ɗaga ni daga 34, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya daga wannan rubutu, shi zan zaɓa. Duk amsar da ka samu, nemi saurin canjinta ka gani ko za ta mayar da kai tambayar. Gwada da x eˣ − eˣ: dokar ninki ta ba da eˣ + x eˣ, ka cire eˣ, saura x eˣ. Daidai. Minti ɗaya ya ɗauka. Ma'anarsa ita ce ba ka buƙatar malami ko bayan littafi ko wani gwani a ɗakinku ya gaya maka ka ci ko ka faɗi. Kwasa-kwasai kaɗan ne ke ba ɗalibi wannan gata, amma cikin goma da wuya ka samu biyu da ke amfani da shi. Ita kuma + C, rubuta ta. Saurin canjin x² da na x² + 7 duk 2x ne, don haka idan ka dawo baya ba ka san wace lamba ta ɓace ba, C ce ke riƙe mata wuri. Akwai masu duba takarda da ke cire maki a kanta kowane layi.

Fili da cikin abu

Idan aka sa wa tarawa iyaka sama da ƙasa, amsar lamba ce, kuma sau da yawa girman filin da ke ƙarƙashin zane ake nema. Tarko ɗaya ne babba a nan. Tara sin x daga 0 zuwa 2π, za ka samu sifili. Amma zana shi ka gani: tudu ɗaya a sama, kwari ɗaya a ƙasa, kowanne girmansa 2. Filin 4 ne, sifilin ya fito ne don na ƙasa ya zo da alamar ragi ya cinye na sama. Saboda haka in an ce fili, zana tukuna, nemo inda layin ya ratsa, ka tara kowane yanki daban.

Cikin abu kuwa, da dankali nake koyar da shi, tunda a Filato ba ma rasa shi. Na kan shigo aji da dankalin turawa ɗaya da wuƙa, in yanka shi faifai-faifai kamar za a soya. Kowane yanki da'ira ce mai ɗan kauri, girmanta πr² sau kaurin. Jera su ka tara, ka samu dankalin gaba ɗaya. Ƙara sirantar da yankan, lissafin ya ƙara matsowa gaskiya. Abin da V = π∫r² dx ke faɗa ke nan, ba ƙari. Dabarar ma ta girmi Newton: Ibn al-Haisam, wanda ya rayu a Alƙahira wajen shekaru dubu da suka wuce, ya lissafa cikin wani siffa mai kama da ƙwarya ta hanyar yanka da tarawa.

Gwada da bokitin ɗakinku. A ce daga tsakiya zuwa gefe santimita 10 ne a gindi, 15 a baki, tsayinsa kuma 30. A kowane tsayi x, r shi ne 10 + x/6. Ninka shi da kansa, ka tara daga 0 zuwa 30, za ka samu 3000 + 1500 + 250, wato 4750. Ninka da π, ya ba ka kusan 14,900, kimanin lita 15. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: da amsarka ta fito lita 150 ko lita ɗaya da rabi, ka san akwai inda ka zame. Riƙa yi wa kowace amsa wannan kallon.

Tsarin mako

Zango bai fi mako goma sha biyar na lacca ba, kuma sau da yawa tarawa ba ta shigowa sai an wuce rabi, a ƙare ta a guje. Kada ka jira malami. Da an gama dokar sarƙa, fara taɓa musanya da kanka.

Awa ɗaya kullum ta fi awa bakwai ranar Lahadi. Ni bayan sallar asuba ta fi yi mini, kafin ɗaki ya cika da hayaniya, ko da yake a sanyin Jos na Disamba da Janairu sai ka yi da gaske kafin yatsu su yarda su riƙe biro. A cikin awar, rufe misalin da aka yi a aji da tafin hannunka, ka yi shi da kanka, sannan ka buɗe ka gwada. Bayan haka tambayoyi biyar sababbi. Ka tanadi wani littafi daban na kurakurai: duk inda ka faɗi, rubuta tambayar da ainihin layin da ka zame. Bayan wata guda za ka ga kurakuranka ba su fi iri huɗu ko biyar ba, su ne dai ke ta dawowa da sabuwar riga.

Ku haɗu ku uku ko huɗu sau biyu a mako, kada ku wuce haka, in ba so kuke ta koma hirar ƙwallo ba. Kowa ya tashi ya yi tambaya ɗaya a allo yana bayani da baki, da Hausa in ita ta fi zama masa. Manhajoji irin su GeoGebra da Desmos suna zana maka fankshan a waya kyauta, kuma suna da amfani ƙwarai wajen ganin abin da kake lissafawa. Masu warware tambaya gaba ɗaya kuwa, kada ka buɗe su sai ka yi minti goma sha biyar kana fama.

Kada ka raina gwajin tsakiyar zango. A jami'o'i da yawa maki 30 ne cikin 100, a wasu 40. Wanda ya shiga jarrabawa da 24 a hannu, da wanda ya shiga da 8, ba jarrabawa ɗaya suke rubutawa ba.

Ga 'yan'uwana masu koyarwa a darasin yamma, abu biyu. Ku rage yawan misalan da kuke warwarewa, ku miƙa alli. Idan ka yi goma suna kallo, za su tashi suna cewa "Malam, wallahi yau mun gane," kuma ba su gane ba, ni shaida ne. Yi biyu, ka ba su na uku, ka zagaya kana leƙa takardunsu. Sannan wani lokaci ka yi kuskuren zaɓen u da gangan a gabansu, ka bari abin ya cakuɗe, ka ja baya ka gyara. Yawancinsu ba su taɓa ganin yadda ake fita daga ɓata ba, sai suke zaton wanda ya iya ba ya ɓata.

Mako biyun ƙarshe da ranar kanta

Nemo tsofaffin tambayoyi na shekara uku zuwa biyar daga na gaba da kai ko masu hoton takardu na bakin makaranta. Kada ka karanta amsoshinsu. Sa agogo, ka zauna kamar a zauren jarrabawa, ba waya ba littafi. Kuma ka cakuɗa tambayoyin tarawa, domin a littafi kowane babi yana gaya maka dabarar da za ka yi amfani da ita, a jarrabawa kuwa babu mai gaya maka. Tambayi malaminku tun da wuri ko rubutu za a yi ko ta kwamfuta. In ta kwamfuta ce mai zaɓi huɗu, dabarar komawa baya ta zama makami: nemi saurin canjin kowane zaɓi, wanda ya ba ka tambayar shi ne amsa.

In rubutu ne, yi minti biyar kana karanta takardar duka, ka fara da wadda ka fi iyawa. Rubuta kowane mataki, har da "a sa u = x²", domin ana ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Tambayar da ta riƙe ka fiye da minti goma, bar mata fili ka wuce, ka dawo in lokaci ya rage. Ajiye minti goma na ƙarshe don bin amsoshin tarawa ɗaya bayan ɗaya kana mayar da su baya, kana duba + C. Ka tafi da biro biyu da katin shaidarka, kuma kafin a raba takarda, danna sin 0.1 ka tabbata 0.0998 ta fito.